Zan iya canza fad da faifan birki na motar fowil da kaina?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da mota mai fowil. Birkin gaba ya fara ƙara, kuma idan na taka a kan gudu sitiyari yana rawa a hannuna. Ina canza mai da filta da kaina. Zan iya canza fad da faifan birki ba tare da na kai gareji ba?"

Za ka iya, malam. Wanda ya saba da sifana a ƙarƙashin mota ba zai sha wuyar wannan ba. Amma kafin ka sayi komai, cire tayar gaba ɗaya ka ga yadda faifan yake zaune, domin motocin fowil iri biyu ne a wannan wajen, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

A iri na farko faifan yana saman hob, wato ƙarfen tsakiya da ake ɗaura taya a kansa, ƙusoshin taya sun ratsa ta cikinsa, taya ce ke danne shi. Da ka cire kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse su a jikin faifai, faifan zai zaro. Haka Prado 120 da 150 suke, haka Land Cruiser 200, da galibin motocin da ake ƙerawa yanzu. Sabon hannu ma yana gama ƙafafun gaba a yini guda. A iri na biyu faifan yana bayan hob, an ɗaure shi da notuna, ba ya fita sai hob ɗin kansa ya fita. Gaban Land Cruiser 70 da 80 da 100 haka yake, da Nissan Patrol Y60 da Y61. A nan sai ka kwance murfin da ke haɗa hob da aksil, a Toyota ka yi fama da ƙananan washa masu tsini da ke maƙalewa a kan ƙusoshin murfin, ka warware manyan notuna biyu da ke riƙe boris ɗin da hob ke juyawa a kansa, waɗanda a Land Cruiser soket mai milimita 54 ke kama su, sannan ka zaro hob ɗin gaba ɗaya. Wajen mayarwa kuwa sai sabon sil, wato robar da ke hana giris fita, sabon giris, da saita matsin boris daidai wa daida. In ya yi sako-sako taya ta yi lilo ta lalata sabon faifan, in ya matse da yawa boris ya ɗau zafi ya ƙone a hanya. Idan irin wannan ce motarka, karon farko ka yi aikin tare da wanda ya taɓa yi. Fad kaɗai za ka iya canzawa da kanka, shi ba ya bukatar a taɓa hob.

Haɗarin da ya fi kowane girma a aikin nan shi ne motar ta faɗo maka. Babbar fowil tana kai tan 2 da rabi, wasu ma sun haura. Nemi daɓen siminti mai faɗi, wanda ba gangara. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Da zarar mota ta tashi, a zaunar da ita a kan matokaran ƙarfe da aka ƙera don ɗaukar irin nauyinta, a ƙarƙashin shasi ko aksil. Bulon siminti yana fashewa ba sallama. Dogon jak ɗin nan da ake fitar da mota daga laka da shi kuwa, kada ka sa ko yatsa a ƙarƙashin motar da ke kansa. Tayar da ka cire, tura ta a kwance ƙarƙashin shasi, idan wani abu ya kufce ita za ta tare.

Ga kuma wani tarko da ya keɓanta da fowil. Mutum zai sa giya a P, ya ja hambirki, ya ɗauka motar ta kafe. A motar da ke 2H, wato tayoyin baya kaɗai inji ke juyawa, P da hambirki duk tayoyin baya suke riƙewa. To ka ɗaga tayar baya ɗaya, ka saki hambirki don faifan ya fita. Saura P ke nan, shi kuwa dogon shaf ɗin da ke zuwa baya kawai ya kulle. Difaranshal, wato giyan da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, zai bar tayar da ke sama ta juya ta wannan gefe, wadda ke ƙasa ta gangara ta wancan, mota ta sauka daga kan jak alhali giya tana P. Idan ƙaramin giyan fowil yana N kuwa, P ba ya riƙe komai tun farko. Saboda haka ka sa weji, wato abin tokare taya, gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa, kuma tun kafin ka ɗaga ka shigar da fowil ka kulle tsakiya, don tayoyin gaba su ma su shiga riƙon. Motar da ke ɗaga kanta da iska ko da mai, irin Range Rover ko Lexus LX, a kashe mata wannan tsarin yadda littafinta ya nuna, in ba haka ba tana iya motsawa tana kan matokari. Kashe inji, ka ajiye makulli nesa, domin wasu sababbin motoci suna cika birki da matsi da kansu idan aka buɗe ƙofa, kuma in kalifa tana waje a lokacin, fistin zai fito. Notunan taya a sassauta su kaɗan tun tayar tana ƙasa.

Ƙarar da kake ji, in siririya ce mai tsini, wani ɗan harshen ƙarfe ne da aka maƙala a jikin fad don ya riƙa gogar faifai idan fad ya kusa ƙarewa. In gurnani ne mai kauri, ƙarfen bayan fad ya riga ya kai ga faifai. Sabon fad yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, ana canza shi idan ya sauko wajen 3. Kada ka yar da tsofaffin da ka cire sai ka jera su ka dube su da kyau. Idan na ciki ya cinye na waje yana nan da nama, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya sirancewa, ko na dama sun ƙare na hagu ba su ƙare ba, akwai fistin ko fil da ya maƙale. A motar da ke shiga ruwa da taɓo wannan ba baƙon abu ba ne: robar da ke rufe fistin ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Ka sa sabon fad a kan kalifar da ta maƙale, nan da ɗan lokaci ka dawo inda kake.

Faifai kuma ana auna shi ne, ba a yanke masa hukunci da ido. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. Auna da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a wurare da dama kewaye da shi, ka ɗan shiga ciki wajen milimita 10 daga baki, domin bakin kansa fad ba ya cinsa, yana nan da tudu. Ya kai lambar ko ya kusa, ya yi tsaga, ya yi kwari masu zurfi, ko ya yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, to ya gama aiki. Kuma ana canzawa ne bibbiyu, dama da hagu tare, fad da faifai duka. Sabo a gefe ɗaya tsoho a ɗaya gefen shi ke sa mota ta riƙa fizgewa idan an taka.

Rawar sitiyarin nan ita ce ta fi bukatar bayani, don a nan ne yawancin masu gyara da kansu suke asarar kuɗinsu. Ana cewa faifai ya lanƙwashe saboda zafi. Yana faruwa, amma ba kasafai ba. Abin da aka fi samu shi ne kaurin faifan ya bambanta daga wani wuri zuwa wani, da ɗan abin da ido ba ya gani, sai fad ya riƙa matsewa yana sakewa a kowane juyi, kai kuma ka ji a feda da sitiyari. Asalin wannan bambancin sau da yawa tun ranar da aka ɗaura faifan ne. Idan bai zauna daram a fuskar hob ba, zai riƙa lilo yana juyawa, a kowane zagaye wuri guda ya ɗan shafi fad ko ba a taka birki ba. Bayan dubban kilomita wurin nan ya sirance, rawa ta fara. Lilon da masu ƙera motoci suka yarda da shi yawanci bai wuce wajen milimita 0.05 ba. Ɓarɓashin tsatsa guda ɗaya a ƙarƙashin faifai ya isa ya haura wannan, kuma abin da yake kaɗan a tsakiya yana ninkuwa kafin ya kai baki.

Shi ya sa nake cewa idan akwai inda za ka ɓata lokaci, to a fuskar hob ne. Da tsohon faifan ya fita za ka ga zoben tsatsa ja-ja kewaye da ƙusoshin taya, da busasshen taɓo a wuyan hob. Sa burushin waya, ka bi da sanfefa, har sai ƙarfen ya fito fes, musamman gindin kowace ƙusa inda burushi ba ya son kaiwa. Sannan ka bi fuskar da farce. Duk inda farcenka ya ɗan tsaya, ba ka gama ba. Goge da ƙyalle mai tsabta, ka shafa ɗan man hana tsatsa siriri a wuyan tsakiya kaɗai, ka zaunar da sabon faifan ka kama shi da notunan taya biyu ko uku. Idan kana da agogon auna lilo, ɗora shi ka juya faifan a hankali. Allura ta wuce ƙa'ida, cire faifan ka matsar da shi rami ɗaya a kan ƙusoshin ka sake gwadawa, sau da yawa wannan kaɗai yana gyarawa. Tunda taya tana sama, kama ta sama da ƙasa ka girgiza tun kafin ka cire ta. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ne ko wani haɗin ƙafar ya saki, kuma sabon faifai ba zai yi maganinsa ba.

Game da abin da za ka saya, kai lambar shasin motarka, don mota ɗaya a shekara ɗaya tana iya zuwa da faifai girma biyu. Ka tuna aikin da birkin nan yake yi. Mota mai tan 2 da rabi da ke gudun kilomita 100 a awa, tsayar da ita sau ɗaya yana fitar da zafin da zai tafasa ruwa wajen lita 3, kuma mafi yawansa a faifan gaba yake sauka. Ƙara mata kaya, ko tirela, ko manyan tayoyi, aikin ya ƙaru. Fad mai gaurayen ƙarfe ya fi jure irin wannan zafin, sai dai yana da ƙura, wani lokaci da ɗan ƙara. Na siramik ya fi shiru da tsabta, ya dace da motar da yawancin rayuwarta a kan kwalta take ba kaya. Faifai mai hudoji kuwa, wanda ake saya don kyau, ban ga amfaninsa a motar daji ba. Ramukan suna cika da taɓo da tsakuwa, kuma daga bakinsu tsaga take farawa. Faifai sumul na kamfani mai suna ya wadatar.

Kwancewar kanta ba ta da wani sirri. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, don ya zama abin dubawa idan ka rikice. Ƙurar birki kada ka hura ta da iska ko da baki, fesa maganin wanke birki ta gangara. Tsofaffin fad da na bogi suna iya ƙunsar asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu. Yawancin manyan Toyota suna da kalifa kafaffiya mai fistin 4 a gaba, biyu ciki biyu waje. A irinta za ka cire ɗan sifirin ɗin waya, ka doko fil biyu da suka ratsa fad, fad ɗin su zaro ta sama. Amma kafin ka zare su, yi amfani da su wajen mayar da fistin: sa babban sukurdireba tsakanin tsohon fad da tsohon faifai ka danna a hankali. Kada ka cire fad biyun lokaci guda sannan ka danna, domin fistin da ka tura ciki zai turo abokinsa waje, wani lokaci har ya fice mai ya zube. Kalifa mai zamiya, mai fistin a gefe ɗaya, ita kuma notuna biyu ne ƙanana, sai baraket ɗinta mai manya biyu, fistin kuma a mayar da shi da matsi a kan tsohon fad.

Kalifar da ka kwance kada ta rataya a jikin tiyonta, ɗaure ta da waya a jikin sifirin ko shasi. A wasu motocin bututun ƙarfe ne ya shiga kalifar kai tsaye, shi kuwa ba ya son lanƙwasa, sai ka fara kwance ɗan baraket ɗin da ke riƙe shi don ka sami sarari. Lura da siririyar wayar da ke bin wajen, ta ABS ce, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Idan faifai ya ƙi fita don tsatsa, duba fuskarsa, da yawa suna da ramuka biyu masu zare na noti M8. Ɗaura notuna biyu a ciki kana juya wannan kaɗan wancan kaɗan, za ka ji ya yi ƙara ya saki. In babu ramukan, mayar da notunan taya a kan ƙusoshi don kare zarensu, ka doki tsakanin ƙusoshin da guduma.

Duk lokacin da kake mayar da fistin, mai yana komawa sama. Buɗe bonet ka sa ido a kofin man birki, in ya kusa cika ka zuƙe kaɗan da sirinji kada ya zube, don yana cin fenti. Ni na fi son a sa ɗan tiyo a notin fitar da iska a buɗe shi kaɗan yayin dannawa, baƙin man da ya daɗe a kalifa ya fita waje maimakon ya koma ta cikin na'urar ABS, a rufe kafin a saki. Sai dai in ba ka taɓa fitar da iska daga birki ba, bar notin nan a rufe ka danna sannu-sannu, ya fi maka sauƙi. Man da za ka ƙara ya zama wanda aka rubuta a murfin kofin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su ko kaɗan. Man birki yana shan danshi daga iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma a doguwar gangara da kaya ana kai wannan zafin. In man ya shekara biyu ko ya yi duhu, canza shi gaba ɗaya.

Ƙafar baya tana da nata hali. A fowil da yawa, cikin tsakiyar faifan baya akwai ƙananan takalman hambirki. In ba ka saki hambirki ba faifan ba zai fita ba, in ka saki ma wani lokaci takalman sun ci rami a ciki sun kama. Kada ka tilasta da notunan M8, za ka tsinke sifirin ɗin ciki. Akwai ɗan rami mai toshiyar roba a fuskar faifan, juya shi har ya daidaita da ɗan gurgun ƙarfe mai haƙora da ke saita takalman, ka sassauta da sukurdireba. Bayan ka sa sabo, matse gurgun har faifai ya ƙi juyawa, sannan ka mayar da shi baya adadin haƙoran da littafi ya ce. Motar da hambirkinta maɓalli ne, dole a sa ta a yanayin gyara ta allon mota ko da kwamfutar makanike kafin a taɓa fistin. Wasu kalifofin baya kuma fistin ɗinsu murɗa shi ake yi yana shiga, danna shi kai tsaye yana lalata shi.

Wajen haɗawa, sabon faifai yana zuwa da man hana tsatsa a jikinsa, wanke fuska biyun sosai. In an rubuta L da R a kansu, wato hagu da dama, bi rubutun. Fil na zamiya a wanke su a shafa musu giris na silikon ko na birki; giris ɗin boris yana kumbura roba, fil ya maƙale. Ɗan kaɗan a kunnuwan fad inda suke zamewa, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko ta faifai. Fad ya kamata ya shiga mazauninsa da hannu. In sai da guduma, tsatsa ce ta tasa a ƙarƙashin ƙarafunan mazaunin, cire su ka kankare. Notuna kuma a ɗaure su da sifanar auna ƙarfin ɗauri, ba da ƙiyasin hannu ba. Ƙananan na zamiya yawanci tsakanin Nm 25 da 35 suke (Nm shi ne ma'aunin da ke jikin sifanar), manyan da ke riƙe kalifa ko baraket sun haura 100, a manyan Toyota da dama 123 ne, amma lambar littafin motarka ita ce hukunci. Notunan taya a bi su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, a zagaye biyu. Bindigar iska da ke ƙulle noti ɗaya tamau kafin a taɓa sauran tana karkata faifai, ta ɓata duk wahalar da ka sha a kan hob.

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, zauna ka riƙa taka birki gajere-gajere, ba har ƙasa ba, sai feda ta yi tauri. Takun farko zai tafi fayau domin fistin suna can ciki, kuma mutane sun sha shiga bango da baya saboda mantuwa da wannan. In ta ƙi tauri, ko tana nutsewa a hankali idan ka riƙe ta, akwai iska ko yoyo, motar ba ta fita. Duba matakin mai, leƙa bayan kowace taya, saki makullin tsakiya ka mayar da fowil yadda yake da, sannan ka gwada a hankali a fili.

Sauran aiki shi ne sabar da fad da faifai. A hanyar da ba cunkoso, kai gudun kilomita 60 ka rage zuwa 10 da taku mai ɗan ƙarfi, ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau 8 zuwa 10. Za ka ji ɗan ƙauri, ba matsala. Daga nan ka yi tafiyar mintuna kana kauce wa birki don su huce. Kada ka tsaya ka danne feda a kan faifai mai zafi, fad yana barin shatinsa a wuri guda, kuma kada ka faɗa ruwa da shi a wannan halin. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a bi su a hankali, ba jan tirela. Bayan fitar farko kara hannu kusa da kowace taya ba tare da ka taɓa faifan ba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, kalifarta tana riƙewa, a sake buɗe ta. Bayan kilomita 50 zuwa 100 kuma ka sake bin notunan taya da sifanar aunawa, musamman in rim ɗin na alminiyam ne.